Kalmomin Likitanci na Girkanci: Daga Wutsiya Ake Fara Karanta Su

Tun kafin ɗalibin aikin lafiya ya ga jini ko ya leƙa ɗakin tiyata, kalmomi ne suke fara karya masa gwiwa. A makonnin farko a kwalejin aikin jinya da ungozoma ta Gombe, ko makarantar kimiyyar lafiya ta Kaltungo, ko ajin likitanci na Jami'ar Jihar Gombe, zai yi kiciɓis da irin su cholecystectomy da oesophagogastroduodenoscopy. Mu kuwa mutane ne da Allah ya hore wa hadda tun daga makarantar allo, don haka sai ɗalibi ya koma ga abin da ya iya. Ya ɗauki kalmar ɗungurungum ya yi ta bita har ta zauna. Takan zauna ɗin, har a ci jarrabawa da ita. Matsalar tana fitowa ne ranar da ya buɗe fayil ɗin majinyaci ya ga cholecystitis ko cholelithiasis, waɗanda uwa ɗaya uba ɗaya suke da wadda ya haddace, amma ya tsaya yana kallonsu kamar bai taɓa sanin gidansu ba.

A ganina rabin wannan wahala mu muka ɗora wa kanmu. Kalmomin nan ginannu ne, kamar yadda magini ke jera tubali, kuma tubalan ba su da yawan da ake zato. Dokokin jera su da dokokin furta su sanannu ne, kuma a wurare da dama Bahaushe ya fi Bature kusa da fahimtarsu, in da za a koya masa su ta hanyar harshensa.

Sai mu fara da abin da ya kawo Girkanci asibiti. Bukrata, wanda Turawa ke kira Hippocrates, an haife shi a tsibirin Kos wajen shekara ta 460 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, kuma littattafan da ake dangantawa da shi cike suke da sunayen cututtuka da har yau ake amfani da su. Jalinusu, haifaffen Fargamon a ƙasar Turkiyya ta yanzu a shekara ta 129 miladiyya, a birnin Rum ya yi suna, amma da Girkanci ya yi rubutunsa. Rumawa sun ci Girkawa da yaƙi, sai dai likitocinsu akasari Girkawa ne. Daga baya a Bagadaza, Hunainu ɗan Ishaƙ, wanda ya rasu a 873, ya fassara littattafan Jalinusu masu yawa, kuma a kan wannan gado Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya rubuta Al-Ƙanun fiɗ Ɗibb. Kalmar ƙanun ɗin kanta Girkanci ce, kanon, wato sandar awo. An mayar da littafin Latin a birnin Toledo a ƙarni na 12, jami'o'in Turai suka yi ta karantar da shi shekaru ɗaruruwa. Saboda haka ta hanya biyu Girkancin likitanci ya iso mana. Ya biyo Sahara a cikin littattafan ɗibbu da malamanmu suka karanta, har Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi nasa rubuce-rubucen a fannin, sannan ya biyo teku tare da Turawan mulki. Balgamun da malamin zaure ke ambata a cikin ɗabi'u huɗu na jiki shi ne phlegma na Girkawa. Alƙalamin da ake rubuta maganin da shi ma daga kalamos yake, karan ruwa.

Amma mafi yawan kalmomin da ke littafin ɗalibi yau Bukrata bai taɓa jin su ba. Ƙirƙirarsu aka yi daga baya. A 1816 wani likitan Faransa, Laennec, ya fito da abin sauraron ƙirji, ya haɗa stethos, ƙirji, da skopein, dubawa, ya kira shi stethoscope. A 1847 Virchow na Jamus ya haɗa leukos, fari, da haima, jini, aka sami leukaemia. Likitocin Turai sun riƙa komawa ga Girkanci ne domin harshe ne mai sauƙin harɗa kalmomi, kuma ba mallakin Faransa ko Jamus ko Ingila ba ne, kowa zai yarda da shi. Aka kuma yi wani rabon aiki da ya kamata ɗalibi ya sani da wuri. Sunayen sassan jiki galibi Latin ne, an ma daidaita su a taron masana a birnin Basel a 1895, su kuwa cututtuka da ayyukan tiyata galibi Girkanci ne. Shi ya sa ƙoda ke da suna biyu, ren da nephros, jijiyar da ke kai mata jini renal, ciwonta kuwa nephritis. Wani lokaci akan gauraya su, kamar appendicitis da Fitz na Amurka ya raɗa a 1886, kansa Latin wutsiyarsa Girkanci.

To, yaya ake karanta su? Bahaushe in zai harɗa suna, babban abin yake sawa a gaba, sannan abin da ya shafa ya biyo: ciwon ciki, kumburin hanta, yoyon fitsari. Bagirke a ƙarshe yake ajiye babban abin. Da zarar an gane wannan, an sami mabuɗin. Ka fara da ɗafa-ƙeya, wato wutsiyar kalmar, sannan ka dawo farko ka bi saiwoyin ɗaya bayan ɗaya. Hepatitis: itis kumburi, hepat hanta, kumburin hanta. Ka ga fassarar ta fito da tsarin Hausa daidai ba tare da ka juya komai ba.

Na ga wata malamar jinya tana koyar da wannan ta hanyar da ta burge ni. Ta rubuta cholecystectomy a allo da manyan baƙaƙe, ta sa tafin hannunta ta rufe komai sai ectomy, ta ce, "Me aka yi wa mutumin nan?" Aji ya amsa, "An yanka an cire masa wani abu, Malama." Ta janye hannun kaɗan, cyst ya bayyana. "Me aka cire?" Suka ce jaka. Ta janye shi gaba ɗaya. Chole shi ne ruwan ɗacin nan da hanta ke fitarwa. Wata ɗaliba daga baya ta ɗaga murya ta ce, "Ashe matsarmama ce!" Daga nan ba sai an gaya musu cholecystitis kumburin matsarmama ba ne. Da ta ƙara musu lithos, dutse, su da kansu suka fassara cholelithiasis da tsakuwar matsarmama, nephrolithiasis kuma tsakuwar ƙoda. Ita ma doguwar kalmar nan ta farko haka take kwancewa: scopy dubawa da na'ura, sannan oesophago bututun abinci, gastro tumbi, duodeno farkon ƙaramin hanji. Saiwoyin sun jeru ne bisa hanyar da kyamarar ke bi daga baki zuwa ciki.

Wasalin o da ke yawan faɗowa tsakiya aikinsa irin na n da r ne a ciwon kai da cutar huhu, mahaɗi ne kawai, ba shi da ma'ana ta kansa. In ɗafa-ƙeyar ta fara da wasali sai ya faɗi, shi ya sa ake da gastroscopy amma gastritis. Tsakanin saiwa biyu kuwa yakan tsaya ko da wasali ne ya biyo, kamar a gastroenteritis. Wasu sunayen kuma suna da doguwar saiwa da ke fitowa in za a harɗa su: hepar ya zama hepat, derma ya zama dermat, haima ya zama haemat.

Labarin itis ya cancanci a ɗan tsaya a kansa. A asali ba ya nufin kumburi. Ƙarshen sifa ne na jinsin mace, domin kalmar cuta a Girkanci, nosos, mace ce, kamar yadda cuta take mace a Hausa. Arthritis nosos ma'anarsa cuta ta gaɓɓai, nephritis nosos cuta ta ƙoda. Wato itis yana kusa da ta ɗinmu ta mallaka. Da aka daɗe ana faɗa sai aka yar da nosos, aka bar sifar ita kaɗai, kuma sai a ƙarnukan baya-bayan nan likitoci suka keɓe ta ga kumburi. Ko kumburin ma fassara ce ta rashin makawa. Celsus na Rum, tun ƙarni na 1 miladiyya, ya lissafa alamomi huɗu na abin da ake nufi: ja, da kumburi, da ɗumi, da zogi. Mai sanƙarau, meningitis, ba za ka ga kansa ya kumbura ba, tantanin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka ne ya harzuƙa.

Ɗafa-goshi kuwa, wato ɗan guntun da ake liƙawa a farkon kalma, yana canza kama gwargwadon baƙin da ya tarar, kuma wannan naso ne da kowane Bahaushe yake yi kullum. Muna rubuta gidan Bala mu furta gidam Bala. Wanda ya yi tajwidi ya san iƙlabi, inda nunun da ke da sukun ke komawa mimun a gaban ba'un. Haka syn, tare, ya tsaya a syndrome amma ya koma sym a symptom. Haka en, ciki, ya tsaya a encephalitis ya koma em a embolism da empyema. Shi kuma a na korewa yana ɗaukar n a gaban wasali don kada wasula biyu su yi karo, apnoea rashin numfashi, amma anaemia da anuria. Ninkin r da ke rikita ɗalibai a diarrhoea da haemorrhage da gonorrhoea shi ma doka ce. Kalmar Girkanci mai farawa da rh, in aka jingina mata wasali a gaba, r ɗin ninkuwa yake yi. Rhoia kwarara ce, dia ratsawa, diarrhoea abin da ke ratsawa yana kwarara. Gudawa ke nan, kuma kalmarmu ba ta gaza tasu komai ba.

Wannan ne ya kawo ni ga abin da na fi so ɗalibi ya riƙe. A gidansu, kalmomin nan na kasuwa ne da gona da fagen yaƙi. Pylorus, ƙofar fita daga tumbi, mai tsaron ƙofa ake nufi. Thyroid mai kama da garkuwa, xiphoid mai kama da takobi. Karkinos, inda aka samo carcinoma, wani nau'in ciwon daji, ƙaguwa ce. Staphyle nonon inabi ne, shi ya sa ƙwayoyin cutar da ke cunkushewa wuri ɗaya a ƙarƙashin madubin gwaji suka zama staphylococcus. Duodenum fassarar Latin ce ta sunan da Girkawa suka ba wurin, yatsu goma sha biyu, saboda tsawonsa, Larabawa ma al-isna ashar suke ce masa. Ko tiyatar da muka Hausantar daga theatron take, wurin kallo, domin a da ɗalibai kan zauna a kan benaye zagaye suna kallon ana fiɗa.

A asibitin masu saran maciji na Kaltungo za ka ga amfanin wannan ƙarara. Macijin da ya fi kawo mutane wurin shi ne kububuwa, gobe da nisa, sunanta na kimiyya Echis ocellatus, kuma echis shi ne sunan da Girkawa ke kiran irin wannan maciji. Daga nan maganin EchiTAb ya samo farkon sunansa. Dafinta yana hana jini daskarewa, shi ya sa ake ɗiban jinin wanda aka sara a zuba a kwalbar gilashi mai tsabta a jira minti 20, a karkata ta a gani ko ya sandare. Ɗalibin da ya san haima kaɗai zai karanta rabin abin da aka rubuta a fayil: haematuria jini a fitsari, haematemesis aman jini, haemoptysis tofar da jini daga ƙirji. Toxic ɗin da ake ta faɗa daga toxon yake, baka, domin toxikon shi ne dafin da ake shafa wa kibiya, abin da maharbanmu suka sani sarai. Tiryaƙin littattafan ɗibbu kuwa theriake ne, makarin cizon mugun dawa.

Yanzu sai furuci, inda kunya ta fi kama ɗalibanmu. Kowace kalma ta bi matakai uku kafin ta iso kunnenmu. Girkawa suka furta ta, Rumawa suka rubuta ta da baƙaƙensu, Ingilishi suka karanta rubutun da bakinsu. Yawancin abin da ke ba mu wahala a matakin ƙarshe ya faru. Girkawan zamanin Bukrata suna da baƙaƙe uku da ake furtawa kamar p da t da k tare da ɗan huci. Rumawa ba su da su, sai suka ƙara h suka rubuta ph, th, ch. Daga baya ph ya koma f. Shi kuwa ch a kalmomin Girkanci k ne, ba c ɗin cokali ba. Mutanen kasuwa da suka ɗauki kalma da kunne sun riga sun dace, kwalara suke cewa, kemis suke cewa. Mai karatu ne ido ke yaudara har ya sa c a trachea da bronchitis da ischaemia, alhali k ne a dukkansu.

K ɗin Girkanci kuma da c Rumawa suka rubuta shi, daga baya c ya yi laushi ya koma s a gaban e da i da y. Kardia ta tsira da k ɗinta a cardiac, amma kystis ta koma sist, kephale, kai, ta koma sefal. Haka g yake komawa j a wannan muhalli, shi ya sa oesophagus ke da g, oesophagitis kuma j. Gynaecology ce ta ƙi bin doka, da g ake faɗarta.

Baƙaƙen da ba a furtawa a pneumonia da psychiatry da ptosis, Girkawa furta su suke yi, Faransawa da Jamusawa ma har gobe suna furta su. Ma'aikacin lafiyar da ya yi karatu a Yamai ko Garwa za ka ji p ɗinsa a pneumonie. Bakin Ingilishi ne ba ya iya fara kalma da pn ko ps ko pt, sai ya yar da na farkon. Namu bakin ma ba ya son cunkoson baƙaƙe, sai dai mu wasali muke cusawa, kamar a burodi da furamare. Abin lura shi ne a farkon kalma kawai baƙin ke yin shiru. In ya faɗo tsakiya sai ya farfaɗo, ka ji p a apnoea da haemoptysis, ka ji g a diagnosis, ka ji m a amnesia. Kuma kada ɗalibi ya raina shi a rubutu, domin shi ne shaidar dangantaka. P ɗin nan ne ke nuna maka pneumonia da apnoea da dyspnoea duk daga numfashi suka fito.

Tsohon Girkanci yana da dogon wasali da gajere, yana kuma da hawa da saukar murya, abubuwa biyu da Ingilishi ba ya tafiyar da su yadda muke yi. Wanda ya san bambancin gari na zama da garin tuwo, ko baƙi na launi da baƙin da suka sauka a gida, ba sai an wahala wajen gaya masa bambancin omikron, ƙaramin o, da omega, babban o, ba. Kuma wannan tsawon ne ke yanke hukuncin gaɓar da ake dannawa, bisa dokar da aka gada daga Latin. In gaɓa ta biyun ƙarshe mai nauyi ce, a kanta murya ke sauka. Wasalin osis da oma da itis dogo ne, don haka a nan ake dannawa a tuberculosis da carcinoma da hepatitis. In kuwa gajera ce, sai a ja baya zuwa ta ukun ƙarshe, wadda sau da yawa mahaɗin o ne. Shi ya sa o ɗin tsakiya ke fitowa da ƙarfi a cardiology da laparotomy da neuropathy da endoscopy. Dokar ba ta kama kowace kalma ba, amma ta kama mafi yawansu, kuma ta fi a yi ta haddar kowace ita kaɗai.

Aitis ɗin da ake faɗa a asibitocinmu wajen furta itis ma sabon abu ne. Tsakanin ƙarni na 15 da na 17 dogayen wasulan Ingilishi suka gusa, dogon i ya koma ai. Bajamushe har yanzu da dogon i yake faɗar kalmar, kuma shi ya fi kusa da asali. Ina faɗar wannan ne saboda dariyar da akan yi wa wanda ya dawo daga Sudan ko Masar ko Indiya da wani furuci daban, ko ɗan ƙauyen da harshensa bai karye da Turanci ba. Dariyar ba ta da tushe a ilimi. Muna bin furucin Ingila ne domin shi aka saba da shi a ɗakunan jinyarmu da jarrabawarmu, kuma ya kamata a koye shi don a fahimci juna. Haka batun rubutu yake. Mu muna bin Ingila da oedema da haemoglobin, Amurka ta taƙaita su zuwa edema da hemoglobin, wanda ke neman kalma a fihirisar littafi sai ya duba wurin biyu. Taƙaitawar tana da hasara guda. Paed Girkanci ne, yaro, ped kuwa Latin ne, ƙafa. Orthopaedics da Andry na Faransa ya raɗa a 1741 miƙar da yara yake nufi, ba gyaran ƙafa ba.

Sai batun p da f, wanda ya shafe mu kai tsaye. Hausa ba ta bambanta su, baƙi ɗaya ne da ke sauya kama daga baki zuwa baki. A Gombe muna da gata, domin ɗalibin da ke jin Fulatanci ya riga ya san bambancin daga Pullo da Fulɓe, sai malami ya yi amfani da shi. Akwai ma inda f ɗinmu ne daidai. Diphtheria da ophthalmology da f ake furta su, ko da yake Turawa da yawa p suke sawa. Mashaƙon nan, wato diphtheria, da ya addabi jihohin arewa tun ƙarshen 2022, Bretonneau na Faransa ne ya ba shi suna a 1826 daga diphthera, jemammiyar fata, saboda tantani mai kauri da ke rufe maƙogwaron yaro. Da yake a kan fata ake rubutu a da, kalmar ta shiga Larabci ta zama daftar, ta iso mana ta zama daftari.

Duk da haka akwai wuraren da ba a sassauci, domin rai ne a ciki. Hyper sama ne, hypo ƙasa. A furucin Ingila ba a jin r ɗin ƙarshe, a bakinmu kuma p ya koma f, sai ya zama wasali ɗaya tak ya raba haifa da haifo, yadda muke furta su. A ce ƙarfe biyun dare ne, ma'aikaciyar jinya ta kira likita a waya, janareta na ruri, ta ce majinyaci yana cikin hypoglycaemia, shi kuwa ya ji hyperglycaemia. Na farkon sukarinsa ya faɗi ƙasa da 3.9 a na'urar gwaji, gulukos yake buƙata cikin gaggawa. Na biyun sukarinsa ya hau, insulin ake tunanin ba shi. In aka ba na farko maganin na biyu, ana iya rasa shi kafin asuba. Maganin wannan shi ne a faɗi lambar da na'ura ta nuna, wanda ya ji ya maimaita, kuma babu laifi ko kaɗan a ƙara da Hausa, "Likita, sukarin ne ya faɗi." Ya hau da ya faɗi ba sa rikicewa a kunne.

Haka otomy da ostomy da ectomy. Na farko tsagawa, na biyu buɗe baki, daga stoma, na uku cirewa. Nephrostomy bututu ne aka sa wa ƙoda fitsari ya fita, nephrectomy an ɗauke ƙodar ke nan, kuma da ɗayan waɗannan kalmomi ake cika takardar da mutum zai sa wa hannu kafin tiyata. Dysphagia wahalar haɗiya ce, dysphasia wahalar magana, kuma mai shanyewar ɓarin jiki yana iya samun kowace. In aka ji ta biyu alhali ta farko aka faɗa, 'yan uwa za su ɗura masa kunu ya sarƙe shi ya gangara huhu. Ureter da urethra ma, in th ya koma t a baki, sun kusa zama ɗaya, alhali ɗaya daga ƙoda yake zuwa mafitsara, ɗaya daga mafitsara zuwa waje.

Ba kuma kullum tushen kalma ke faɗar gaskiya ba, domin wasu sunayen sun daskare ne da kuskuren zamaninsu. Arteria da farko hanyar iska ake nufi, saboda magabata sun tarar da waɗannan jijiyoyi fayau a jikin gawa, sai da Jalinusu ya nuna jini ne a cikinsu. Melancholia baƙar maɗaciya ce, sauda'un littattafan ɗibbu. Hysteria daga mahaifa aka samo ta, bisa zaton ita ke haddasa ciwon. Maleriya ma, wadda Italiyanci ce, mugunyar iska take nufi, kuma sunan bai canza ba ko bayan Ross ya tabbatar da rawar sauro a 1897. Tsinka kalma yana kai ka bakin ƙofa ne, sauran sai littafi da gadon majinyaci.

Namu fassarorin ma suna bukatar irin wannan kulawa. Anaemia a zahiri babu jini take nufi, ƙarancin jini ɗinmu ya fi ta daidai. Amma hypertension, wadda hyper ɗinta Girkanci ne tension kuma Latin, mun ce mata hawan jini, sai mutane da yawa suka ɗauka kishiyar ƙarancin jini ce. Za ka ji dattijuwa ta ce, "Ɗan nan, wancan watan an ce jinina ya yi kaɗan, yau kuma ka ce ya hau, wanne zan kama?" Ma'aikacin da ya san tension matsi ne zai iya ce mata, "Mama, ba yawa ya yi ba. Ƙarfin da yake bugun jijiya ne ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce, kuma mutum yana iya samun duka biyun lokaci guda." Wanda ya haddace kalmar ɗungurungum ba shi da abin da zai gaya mata sai ya maimaita ta.

Jijiyar da na ambata yanzu ita ce babban giɓin da ke gabanmu. Da ita muke kiran mai kai jini, da mai dawo da shi, da mai ɗaukar saƙo daga ƙwaƙwalwa, da mai ɗaure tsoka da ƙashi. In majinyaci ya ce ciwon jijiya yake yi, sai an yi ta tambaya kafin a san wacce. Girkawa ma a nan suka faro. Neuron da farko igiyar nama ce, har tsirkiyar baka da ita suke kira. Sai wajen shekara ta 300 kafin miladiyya, a Iskandariyya, Herofilus ya yi fiɗa ya rarrabe su, sannu a hankali kalmar ta keɓanta ga mai ɗaukar saƙo. Ba su aro daga kowa ba, kalmar gida suka tsuke wa ma'ana. Mu ma mun yi irin wannan a ƙanjamau da mashaƙo, rediyo ta yaɗa su suka zauna. Mahautan babbar kasuwar Gombe suna da agara, suna da laka da ɓargo da saifa da tantani, wanzamai da ungozomomi da masu ɗori ma suna da nasu. Abin da ya rage shi ne malaman ilimin sassan jiki na kwalejojinmu su zauna da malaman Hausa da waɗannan masu sana'a, a tantance wace jijiya ce wace, a ba kowace suna tsayayye, sannan a sa shi kusa da saiwarsa ta Girkanci a darasin zangon farko.